Shin Gidauniyoyi Suna da Aƙida? Amsa ga Wani Ɗan'uwa daga Makka

Tambayar ta fito ne daga wani matashi cikin 'yan'uwanmu mazauna unguwar Shari'a Mansur (Titin Mansur) a Makka. Ya ce shi da abokansa sun daɗe suna haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa domin marayun unguwa da iyalan da yaƙin Sudan ya koro, sai ga wata ƙungiyar agaji mai rajista ta nemi su shigo ƙarƙashinta a wani shiri da wata babbar gidauniya ke ɗaukar nauyinsa. Dattawan unguwa suka rabu biyu: wasu na cewa sadaka sadaka ce ko daga hannun wa ta fito, wasu kuma na cewa ruwa ba ya tsami banza, babu gidauniyar da ke rabon kuɗi sai da wata manufa a ƙasa. Yana so ya san ko da gaske ne gidauniyoyi suna da aƙidar siyasa, ko kuwa zargi ne irin na mutanenmu.

Ɗan'uwa, kowane ɓangare na dattawan nan ya faɗi rabin gaskiya. Ban san wata gidauniya a duniya, ta Musulmi ko ta wanda ba Musulmi ba, da ba ta ɗauke da ra'ayin wanda ya kafa ta game da yadda ya kamata al'umma ta kasance, kuma ba na jin za a iya samun irinta, domin duk wanda ya ware dukiya ya ce ga abin da za a yi da ita, to ya riga ya yanke hukunci cewa wannan matsalar ta fi waccan cancanta, wannan maganin ya fi wancan, waɗannan mutanen sun fi waɗancan buƙata. Wannan hukuncin shi ne aƙidar, ko an kira shi da sunan ko ba a kira ba. Saboda haka tambayar da za ta amfane ku ita ce a ina aƙidar take zaune a cikin shirin da aka kawo muku, an rubuta ta a fili ko an lulluɓe ta, kuma me za ta hana ku yi idan kun karɓa.

Bari in fara da namu na gida, saboda mun saba ɗora wannan magana a kan Turawa kaɗai alhali tarihinmu cike yake da ita. A cikin mutane takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa a matsayin masu cin zakka akwai waɗanda ake lallashin zukatansu, kuma bayan yaƙin Hunainu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba wasu manyan Ƙuraishawa da shugabannin ƙabilu raƙuma ɗari-ɗari daga ganima, ba don sun fi kowa talauci ba, har wasu daga cikin Ansaru suka ji babu daɗi sai da ya tara su ya yi musu bayani. Daga baya Sayyidina Umar ya ga dalilin wannan kaso ya kau a zamaninsa, ya daina bayarwa. Abin da nake so ka lura da shi a nan shi ne bayarwa domin cimma wata maslaha ta jama'a ba abin kunya ba ne a shari'a. Abin da Alƙur'ani ya yi hani da shi, a aya ta 264 ta Suratul Baƙara, shi ne ɓata sadaka da gori da cutarwa.

Waƙafi kuwa, wanda shi ne gidauniyar Musulmi ta asali tun daga gonar Sayyidina Umar ta Khaibar da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina, an gina shi ne kacokan a kan sharaɗin mai bayarwa. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida sananniya cewa sharaɗin mai waƙafi kamar nassin shari'a yake wajen wajabcin aiki da shi, matuƙar bai saɓa wa shari'ar ba. Masu mulki sun fahimci ƙarfin wannan ƙa'ida tun da wuri. Fatimiyawa sun kafa Azhar a Alƙahira a shekarar 970 domin yaɗa mazhabarsu ta Isma'iliyya. Waziri Nizamul Mulk ya buɗe makarantar Nizamiyya a Bagadaza a 1067, ya tsayar mata da waƙafi mai yawa, aka shar'anta cewa malamanta su kasance Shafi'awa, kuma a nan ne Imam Gazali ya fara koyarwa a 1091. Da Salahuddin ya kawo ƙarshen daular Fatimiyya a 1171, bai tsaya ga takobi ba, ya shiga gina makarantun Ahlus Sunna a Alƙahira da kuɗin waƙafi. Ɗalibin da ya sami ɗaki da burodi da alawus a waɗannan makarantu ya amfana da gaske, babu mai musun haka, amma alƙalan da limaman da ƙasar za ta samu bayan shekara ashirin an riga an zaɓi mazhabarsu tun ranar da aka rubuta takardar waƙafin. Sarakunanmu na ƙasashen baƙar fata su ma ba a bar su a baya ba: mutanen Kanem sun gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira ta Malikawa a ƙarni na 13, Askiya Muhammadu na Songhai kuma da ya yi aikin hajji a 1497 ya sayi lambu a Madina ya mayar da shi waƙafi ga mutanen Takrur, wato na Afirka ta Yamma, kuma a wannan tafiyar ce ya komo gida da laƙabin halifa, shi da ya hau mulki ta hanyar kifar da ɗan Sonni Ali.

Hujjar da ta fi kowace nuna nauyin siyasar waƙafi ita ce yadda gwamnatoci suka yi da shi da suka sami iko. Faransa ta ƙwace waƙafan Aljeriya bayan mamayar 1830, Turkiyya ta mayar da nata ƙarƙashin hukumar gwamnati a 1924, Masar ta soke waƙafin iyali a 1952, Tunisiya ta soke tsarin a 1957. Malamin da ke cin albashinsa daga waƙafi yana iya cewa sarki a'a, kuma masu mulki ba su jahilci haka ba.

Kai da kake Makka ba sai ka yi nisa ba. Shekaru aru-aru Masar ce ke aiko da rigar Ka'aba tare da ayarin mahmal (ƙawataccen ɗaki da raƙumi ke ɗauka a gaban ayarin alhazai) da abinci da kuɗi ga matalautan Haramaini, kuma Muhammad Ali Pasha ya gina takiyyar Masar a Makka da Madina inda ake ciyar da mabuƙata. Sadaka ce, amma kuma sanarwa ce ta wanda ke da hannu a kan Hijaz. A hajjin 1926 rikici ya ɓarke a Mina tsakanin masu rakiyar mahmal da mayaƙan Ikhwan na Sarki Abdul Aziz, Masar ta daina aiko da rigar, sai Sarkin ya ba da umarnin kafa masaƙarta a unguwar Ajyad ta Makka a 1927. An sasanta daga baya Masar ta ci gaba da aikowa, har zuwa farkon shekarun 1960 da dangantaka ta yi tsami a zamanin Jamal Abdun Nasir, daga nan rigar ta koma ta gida dungurungum.

Wannan tsamin dangantakar shi ne kuma ya haifi cibiyoyin da suka fi taɓa rayuwar Hausawa. An buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, aka kafa Rabiɗatul Alamil Islami a Makka a 1962, a daidai lokacin da Alƙahira ke tallata kishin Larabawa da gurguzu tana kuma amfani da Azhar wajen jawo ɗaliban Afirka. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello yana cikin waɗanda aka kafa Rabiɗa da su, kuma a wannan shekarar ce aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna. Nadwar matasan Musulmi ta duniya ta biyo baya a 1972, Gidauniyar Sarki Faisal a 1976, wadda ta ba Sheikh Abubakar Mahmud Gumi lambarta ta hidima ga Musulunci a 1987. Masallatai da makarantu da rijiyoyi da guraben karatu da suka fito ta wannan hanya alheri ne da ba ya ƙirguwa, kuma da yawa daga cikinmu da shi muka yi karatu. Amma wanda ya ce littattafan da aka raba da manhajar da aka koyar ba su sauya yanayin wa'azi da muhawarar addini a Kano da Zariya da Maraɗi ba, to bai zauna a garuruwan ba. Ko mutum yana murna da sauyin ko yana baƙin ciki da shi, sauyin ya faru, kuma gurbin karatu ne ya kawo shi fiye da buhun shinkafa. A ganina babu nau'in taimakon da ya kai gurbin karatu ɗaukar aƙida, domin abinci yana ƙarewa a mako guda, malami kuwa yana koyarwa shekara arba'in.

Gidauniyoyin Amurka da mutanenmu suka fi zargi su ma a kan wannan turbar suke, sai dai su zarginsu daga gida ya fara. Lokacin da John D. Rockefeller ya nemi majalisar dokokin Amurka ta ba gidauniyarsa rajista, ya shafe shekaru yana nema bai samu ba, saboda 'yan majalisa da 'yan ƙwadago suna ganin hanya ce ta wanke dukiyar kamfanin mai na Standard Oil wanda kotu ta wargaza a 1911, kuma suna tsoron a bar mutum ɗaya da ikon tsara al'amuran jama'a ba tare da an zaɓe shi ba. Sai jihar New York ce ta ba shi a 1913. Gidauniyar ta yi aiki mai girma a kan cututtuka da noma. Shirin da ta fara a Meziko a 1943 shi ya haifar da irin alkama mai yawan yabanya wanda ya sa Norman Borlaug ya sami lambar Nobel a 1970, kuma ita da Gidauniyar Ford ne suka kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967. Sai dai ka dubi zaɓin da aka yi. A lokacin yaƙin cacar baka akwai amsoshi biyu ga yunwar talaka: masu ra'ayin gurguzu suna cewa a sake rabon gonaki, gidauniyoyin kuma suka zuba kuɗinsu a kan sabon iri da takin zamani da ban ruwa, wato amsar da ba ta taɓa mallakar kowa ba. Miliyoyin mutane sun ƙoshi ta dalilin wannan zaɓi, amma zaɓi ne na siyasa duk da haka. Ford ta ɗauki nauyin karatun matasan masana tattalin arziki na Indonesiya a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, su ne kuma suka riƙe tattalin arzikin ƙasar a mulkin Suharto. A 1966 da 1967 jaridun Amurka suka bankaɗo cewa hukumar leƙen asiri ta CIA tana bi ta wasu gidauniyoyi, wasunsu na bogi, tana ba mujallu da ƙungiyoyin ɗalibai da na marubuta kuɗi. Don haka dattijon da ya ce akwai gidauniyar da ake fakewa da ita ba mafarki ya yi ba, ko da yake irin wannan ɓoyayyen lamari shi ne kaɗan, wanda ake yi a fili ya fi shi yawa kuma ya fi shi tasiri.

Akwai wani labari daga can da yake burge ni saboda yadda ya yi kama da muhawarar malamanmu a kan sharaɗin mai waƙafi. A ƙarshen 1976 Henry Ford na Biyu ya sauka daga kwamitin amintattun gidauniyar da kakansa da mahaifinsa suka kafa a 1936, yana ƙorafin cewa ma'aikatanta sun manta jari-hujja ce ta samar da kuɗin da suke rabawa. Wani attajiri mai ra'ayin riƙau, John M. Olin, ya ga abin da ya faru, ya yi wasiyya cewa a kashe kuɗin gidauniyarsa duka tun mutanen da suka san shi suna raye, kada ta daɗe har ta faɗa hannun waɗanda ba su yarda da ra'ayinsa ba, aka kuwa rufe ta a 2005. Kaso mai yawa na kuɗinta ya tafi ne ga tsangayoyin shari'a na jami'o'i da cibiyoyin nazari da ƙungiyar lauyoyi ta Federalist Society, wadda daga cikinta ne aka sami yawancin alƙalan kotun ƙolin Amurka masu ra'ayin riƙau a yau. A ɗaya gefen akwai George Soros da gidauniyarsa ta Open Society, wanda jami'ar da ya kafa a 1991 sai da gwamnatin Hangari ta matsa mata ta ƙaura daga Budapest zuwa Biyana. Jamusawa su ma ba su ɓoye komai ba: kowace babbar jam'iyya tana da gidauniyarta, Friedrich Ebert ta masu ra'ayin gurguzu mai sassauci, Konrad Adenauer ta jam'iyyar CDU mai ra'ayin riƙau, kuma baitulmalin ƙasa ne ke ba su kuɗi. Ni na fi samun natsuwa da irin waɗannan da suka rubuta sunan jam'iyyarsu a goshi a kan wadda za ta rantse maka cewa ba ta da ra'ayi.

Wani lokacin ma mai karɓa ne ke fito da siyasar fili. A watan Oktoban 2001 Yarima Alwaleed bin Talal ya miƙa wa birnin New York cakin dala miliyan 10 domin waɗanda harin 11 ga Satumba ya shafa, tare da wata sanarwa da ke kiran Amurka ta sake duba matsayinta kan Falasɗinu. Magajin garin, Rudy Giuliani, ya mayar da cakin.

Misalin da ya fi kusa da zukatanmu shi ne na shan inna. Gidauniyar Gates, wadda aka kafa a 2000, tana cikin manyan masu ba Hukumar Lafiya ta Duniya kuɗi, kuma ta ɗauki kawar da shan inna daga doron ƙasa a matsayin babban burinta. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin cewa an gurɓata maganin domin hana haihuwa, ba a koma ba a Kano sai tsakiyar 2004, kuma a wannan tsakanin cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama har da Sudan, yara suka nakasa. Zargin bai tabbata ba, kuma da sarakuna da malamai suka shiga aikin aka ci nasara, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Amma a ƙarƙashin zargin na ƙarya akwai wata tambaya ta gaskiya da iyaye mata suka riƙa yi wa masu ɗigon: me ya sa ake biyo mu har ɗaka da wannan kyauta, alhali zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda ke kashe mana yara kuma asibiti babu magani sai mun saya? Amsar ita ce wani ne a wata ƙasa ya tsara jerin abin da ya fi muhimmanci, kuma yana da dalilansa masu ƙarfi, amma ba a tambaye su ba. Wannan shi ne irin ikon da gidauniya take da shi ko da niyyarta fara ce tas, kuma babu ranar zaɓen da za a kayar da ita.

Tunda waɗanda kuke taimako daga Sudan suka fito, su ma za su ba ka labari. Munazzamatud Da'awa al-Islamiyya da aka kafa a Khartum a 1980 ta gina makarantu da asibitoci a ƙasashen Afirka da dama, tsohon shugaban ƙasa Suwar al-Dahab ya daɗe yana shugabantar kwamitin amintattunta, amma saboda an san kusancinta da harkar Islamiyya da ta mulki ƙasar daga 1989, kwamitin rusa tsarin tsohuwar gwamnati ya rushe ta a watan Afrilun 2020, sannan aka maido ta bayan sojoji sun karɓe mulki a 2021. A watan Maris na 2009, da kotun duniya ta ba da sammacin kama Umar al-Bashir, gwamnatinsa ta kori ƙungiyoyin agaji na waje goma sha uku, mutanen sansanonin Darfur ne suka ɗanɗana kuɗarsa. Bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023, abin da ya riƙe mutanen Khartum da Omdurman shi ne takaya, wato ɗakunan girkin unguwa, da matasan ɗakunan agajin gaggawa waɗanda suka taso daga al'adar nafir, irin gayyarmu. Duk da haka da sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, da yawa daga cikin waɗannan takaya sai da suka sauke tukwanensu, saboda kaso mai tsoka na kuɗinsu daga can yake gangarowa ba tare da mai cin abincin ya sani ba. Zaɓen da aka yi a wata nahiya ya hana mutum cin abincin rana a Omdurman.

A nan Saudiyya tsarin ya sauya ƙwarai, kuma wajibi ne ku san shi kafin ku ɗaga ƙafa. Bayan harin 11 ga Satumba da hare-haren Riyad na watan Mayun 2003 an cire akwatunan tara kuɗi daga masallatai da kasuwanni, aka tsaurara aika kuɗin sadaka waje, aka rushe Mu'assasar Haramain a 2004. A watan Mayun 2015 aka kafa Cibiyar Agaji ta Sarki Salman, wadda ta zama ƙofar da taimakon ƙasar ke bi zuwa waje, ta hannunta ne kuma aka ba da umarnin agajin dala miliyan 100 ga Sudan a watan Mayun 2023 tare da gangamin jama'a a manhajar Sahem. A cikin gida akwai dokar ƙungiyoyi da gidauniyoyi ta 2015, da hukumar kula da waƙafai, da cibiyar bunƙasa ɓangaren da ba na riba ba, da manhajar Ehsan da aka ƙaddamar a 2021. Shirin Vision 2030 ya sa burin ɗaga kason wannan ɓangare daga ƙasa da kashi 1 zuwa kashi 5 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasa, da samun 'yan sa-kai miliyan ɗaya. Wannan ma ra'ayi ne: cewa taimako ya bi ta hanyar da hukuma ke gani, a iya bin sawun kowane riyal, kuma a karkata daga ciyarwa kawai zuwa koyar da sana'a da dogaro da kai. Abin da ya shafe ku kai tsaye shi ne tara kuɗin jama'a ba tare da izini ba laifi ne da ake hukunci a kansa, ko da a zauren WhatsApp ne ana turawa asusun mutum ɗaya, kuma wanda ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, ya fi kowa shiga haɗari. Ta wannan fuskar shiga ƙarƙashin ƙungiya mai rajista kariya ce gare ku, ba na kuma ba ku shawarar ƙin ta saboda zargi kawai.

To ta yaya za ku gane aƙidar shirin da aka kawo muku? Kada ku neme ta a jawabin buɗe taro ko a ƙasidar talla, domin kalmomin can duk iri ɗaya ne. Ku nemi fom ɗin da ake cike wa mai neman taimako, ku karanta shi layi-layi. A aikin da na yi da ƙungiyoyin kafalar marayu na ga fom da layinsa na biyu, bayan suna, shi ne lambar katin ɗan ƙasa ko ta iƙama mai aiki, kuma kwamfuta ba ta barin a wuce zuwa layi na uku sai an cike shi. Babu wanda ya zauna ya ce kada a taimaki marayan da aka haifa a unguwar Hindawiyya ta Makka wanda kakansa ya zo hajji a ƙasa tun zamanin Turawa bai koma ba kuma takardun gidan suka mutu, amma wannan layin ɗaya ya fitar da shi daga cikin matalauta, alhali shi ne ya fi kowa buƙata a layinsu. Na ga wani shirin da ya shar'anta yaro ya riƙa halartar wata halƙar haddar Alƙur'ani takamaimai, wani kuma ya shar'anta uwa ta shiga horon ɗinki ko da tana da jarirai uku a hannu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa yana da hujjarsa, kuma kowanne yana gaya maka abin da mai kuɗin yake ganin shi ne ciwon talaka, ko rashin tarbiyya, ko rashin sana'a, ko rashin bin doka.

Bayan fom sai rahoto. Abin da gidauniya ta ce ku ƙirga mata a ƙarshen wata shi ne abin da za ku wayi gari kuna yi, ko kun so ko ba ku so ba. Idan adadin kwalayen abinci take so, za ku zama masu rabon kwali, ziyarar gidan bazawara da zaman sauraron damuwarta kuma su mutu saboda ba su da gurbi a jadawali. Idan hotuna take so, sai ku yanke shawara tun yanzu ko za ku tsayar da 'yar maƙwabcinku a gaban kyamara riƙe da kwali mai tambari, a unguwar da kowa ya san kowa. Ni a wurina wannan ya shiga cikin cutarwar da ayar Baƙara ta ambata, kuma na ga gidajen da suka zaɓi yunwa a kan hoton. Ku tambayi kuma wane ne nazirin waƙafin, wato mai kula da shi, ko su wane ne amintattun gidauniyar, daga wace sana'a kuɗin ke fitowa, shekara nawa aka yi alkawari, kuma me yarjejeniyar ta hana ku faɗa ko yi. Gidauniyar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Sheikh Sulaiman al-Rajhi, wanda ya mayar da kaso mai yawa na dukiyarsa waƙafi har ya sami lambar Sarki Faisal a 2012, gidauniyarsa tana da fannonin da ta bayyana cewa su take tallafawa, wanda aikinsa bai shiga ciki ba ya san ba ƙofarsa ba ce. Wadda ta yi ta kewaye-kewaye idan an tambaye ta tushen kuɗinta, ita ce abin gudu.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ban ga laifi a askin ba idan an faɗe shi tun kafin a karɓi ladan, kuma aski ne da mutum zai iya yi ba tare da ya saɓa wa addininsa ko ya tozarta mutanensa ba. Abin da na fi ji muku tsoro ba wata ɓoyayyiyar manufa ba ce, illa ku saki ɗan abin da kuke haɗawa a tsakaninku saboda babban kuɗi ya zo. Shawarata ita ce ku shiga shirin idan fom ɗinsa da rahotonsa sun kwanta muku, ku yi masa aiki da gaskiya a kan sharuɗɗansa, amma kowannenku ya ci gaba da abin da yake yi da hannunsa da aljihunsa ga maƙwabci da dangi, wanda ba tara kuɗin jama'a ba ne kuma babu dokar da ta hana. Ta nan ne za ku kai ga marayan da layi na biyu ya tsallake, kuma da shi za ku riƙe gidajen da kuka saba idan wa'adin shirin ya cika ko amintattun gidauniyar suka juya zuwa wani fanni. Kafin ku sa hannu, ku kai takardar yarjejeniyar gaban dattawan nan duka ɓangarorin biyu a karanta musu ita da Hausa, sakin layi bayan sakin layi, musamman wurin da ya yi magana a kan hotuna da wurin da ya yi magana a kan wanda ya cancanci a ba shi.